Gwajin karatun da aka yi wa ɗana a Yamai

Ɗana na biyu yana da shekara 10 lokacin da muka ɗauke shi daga Tawa zuwa Yamai don a gwada shi. Yana maimaita ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, amma layi guda na littafi bai iya karanta shi sai da tuntuɓe. Abin da ya hana ni yarda da masu ce masa daƙiƙi shi ne yadda nake ganinsa a gida. Ka aike shi kasuwa da jika biyu da sautu iri biyar, zai dawo da kaya cif, canji cif. A makarantar allo yakan riga sa'o'insa hardace sura in malam ya biya masa da baki, amma da an ɗora yatsa kan kalma an ce karanta, sai ya tsaya yana kallon malam. Kakarsa ta ce baki ne, aka yi masa rubutu ya sha, aka fitar da sadaka. Ban hana ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. A lakkol kuwa cewa ake ƙiwuya ce, har yaron ya fara ciwon ciki kowace safiyar Litinin.

Wata ƴar'uwar babansa ce ta haɗa mu da wata masaniyar halayyar yara. Tun a waya masaniyar ta ce kada mu hau mota sai an duba idonsa da kunnensa, an kuma auna jininsa. Yaron da ba ya ji sosai daga bayan aji, ko mai ƙarancin jini da ke gyangyaɗi, zai yi kama da mai larurar karatu alhali magani kawai yake bukata. Duka suka fito lafiya. Ta ce mu taho da takardun sakamakonsa tun daga CI, ajin farko na firamare, da tsofaffin littattafan rubutunsa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga na mota ga na gwaji, sai da na jira kwasar adashena.

Da ni ta fara, ba da shi ba. Yaya cikinsa ya kasance, ya yi kuka da aka haife shi, yaushe ya fara magana, zazzaɓin cizon sauro ya taɓa sa shi suma ko jijjiga? Sai ta ce: "Hajiya, a dangi akwai wanda karatu ya gagara duk da yana da basira?" Nan take na tuna ƙanen babansa, wanda ya bar lakkol tun firamare, yau kuma ba injin motar da ke gagararsa. Ta ce abin yakan bi jini.

Shi kuma ta shiga da shi ɗaki su biyu, ina zaune a waje. Daga baya ta baza mini kayan aikin a kan tebur. Babban gwajin, na auna basira, sunansa WISC, na David Wechsler, wanda ya fara fita a Amurka a 1949, ana yi wa yara ƴan shekara 6 zuwa 16. A ciki akwai ƴan dunƙule masu ja da fari da yaro zai jera su yi daidai da zane, akwai lambobi da zai maimaita gaba sannan ya juyo da su baya, akwai tambayoyin ma'anar kalmomi. Na karatu kuma shi ne Alouette: shafi guda na Faransanci wanda da gangan aka rubuta shi ba ma'ana, don kada yaro ya yi canke, ana ba shi minti 3. Na ga takardar da ta bi shi da ita. Ko rabi bai kai ba, ga zagaye a kan kalmomi birjik, inda aka rubuta b ya karanta d, inda ya ga farkon kalma ya ƙarasa ta da ka.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne gaskiyar da ta gaya mini kan waɗannan gwaje-gwaje. Matsakaicin maki a WISC 100 ne, amma ma'aunin da ke hannunta da yaran Faransa aka tsara shi, masu shan Faransanci tun a nono. Ɗana sai da ya shiga CI ya fara jin harshen. In an tambaye shi ma'anar kalma ya kasa, ba lallai basira ce ta gaza ba. Saboda haka ta ƙi dogara da jimillar makin, ta dubi kowane sashe daban. A dunƙule da zane, inda ba a bukatar magana, yana tare da sa'o'insa. Sannan ta koma Hausa. Ta ce ya faɗi "rago" amma ya cire sautin farko kaɗai. Ya yi shiru, can ya ce "go". Ta gwada da "tasa", ya ce "sa". Gaɓa yana jin ta, amma raba ta zuwa ƙananan sautuka ya gagara, a harshen da ya tashi da shi. A nan ta kama bakin zaren. Duk uwar da za ta kai ɗanta, ta tambaya tun farko ko za a gwada shi da harshen gida, don in ba haka ba ana iya auna Faransancinsa a ce an auna ƙwaƙwalwarsa.

Sunan larurar disleksiya, wato wahalar koyon karatu. Ta ce ba a yanke wannan hukunci sai matsalar ta kai aƙalla wata 6 duk da taimakon da ake ba yaro, kuma irin waɗannan larurori na karatu da rubutu da lissafi suna shafar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na yaran makaranta a duniya. Na tuna cunkoson azuzuwanmu, na ji tausayin waɗanda ke shan bulala kan abin da ba laifinsu ba ne.

Ba ƙwaya, ba allura. Ta rubuta cewa a zaunar da shi gaba, a karanta masa tambayar lissafi da baki, a ƙara masa lokaci, a rage masa tsawon shifta, kada a tsayar da shi karatu gaban aji ba shiri. A gida kuma ƴan mintoci kullum na haɗa sauti da harafi, yana faɗa yana zanawa da yatsa a ƙasa. Ta kira shi gabana ta ce masa kansa lafiya lau yake, karatu ne kawai zai koya ta wata hanya.

Da muka dawo na kai takardar wurin darakta da malamin ajin da kaina. Na ce: "Mushe, na san ajinka ya cika, ba na neman ka bar saura saboda nawa. Cikin waɗannan wanne za ka iya?" Ya ɗauki zaman gaba da karanta tambaya da baki, kuma ya riƙe su. Makin lissafinsa ya tashi tun zangon farko, ciwon cikin Litinin ya ɓace. Shifta har yanzu tana ba shi wuya, karatunsa a hankali yake. Yana CM1 yanzu, aji biyar, kuma masaniyar ta ce mu komo a sake gwada shi kafin ya shiga CEG, wato sakandare, don a rubuta wa sabbin malamansa abin da yake bukata.