Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Mai lalataccen rediyo

Jama'a barkanmu da wannan sati. Wancan karon na tsaya a inda Yaya Babba ya bar min tsohuwar kwamfutarsa, to a cikinta na ci karo da abin da har yau bai sake ni ba. Na danna wani fayil haka kawai sai ga piyano yana tafiya a hankali yana ta maimaita kansa, ba mawaƙi ba ganga ba komai. Ashe wani makaɗi ne ɗan Ingila, Brian Eno, kundinsa Music for Airports na 1978, zaman jira a filin jirgin Kolon a Jamus ne ya kawo masa tunanin, ya so kiɗan da in ka ga dama ka saurara in ka ga dama ka bar shi yana ta yi.

Ina cikin ji Kawu ya leƙo ya ce "kai ɗan nan, rediyonka ya lalace ne?" Gidan gaba ɗaya aka kwashe da dariya, daga ranar sunana ya koma mai lalataccen rediyo, har yaran da na girme su nesa ba kusa ba.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗa, karatu ne kawai da belin kunne. A nan na san Godspeed You! Black Emperor, wata ƙungiyar makaɗa 'yan Montreal a Kanada, kundinsu na 2000 kiɗa 4 ne kacal amma kowanne kusan minti 20, yana farawa ƙasa-ƙasa kamar ba za a je ko'ina ba, gita da goge su yi ta taruwa ta taruwa har ka ji ƙirjinka ya cika. Wallahi mai gaggawa ba zai gane ba, kuma Kawu ko labari ake ba shi sai ya katse.

Amma wanda ya fanshe ni William Basinski ne, wani makaɗi ɗan Amurka. Tsofaffin tef ɗinsa na shekarun 1980 ya ɗauko a 2001 zai juye a kwamfuta, sai tef ɗin ya fara marmashewa yana cikin juyawa, kowane zagaye sautin ya ƙara gutsurewa, shi kuwa ya bar shi ya ɗauka har ƙarshe. Shi ne The Disintegration Loops. Wato lalacewar da gaske ce, kuma ita ce kiɗan! Ranar na so in kai wa Kawu, amma wa zai ja da babba.

Ga shi kwanan nan ɗan Kawu na cikinsa, wanda ya fi kowa ƙyaƙyata dariya lokacin, ya turo min saƙo wai "Yaya don Allah irin kiɗan nan naka, barci ya ƙi zuwa." Na tura masa Eno, Basinski kam ba zan tura masa ba sai ya fara kirana da sunana na gaskiya. Sati mai zuwa zan ba ku labarin yadda kwamfutar ta bar hannuna, don wannan ma akwai hannun Kawu a ciki.