Koyar da Manya Kwamfuta a Ƙaramar Cibiyarmu

Cibiyarmu ɗaki biyu ce a saman wani bene a Kano, kuma domin matasa masu shirin JAMB muka buɗe ta, bayan da hukumar ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Manya daga baya suka fara zuwa, kuma larura ce ta kawo su. Malaman makaranta da suka tsufa da alli a hannu sun tarar sai sun zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, a gaban na'ura kafin a yi musu rajista, sannan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya turo mana 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa, waɗanda ciniki ya koma musu taransifa suna ji suna gani.

A ganina, abin da ke riƙe dattijo kunya ce da tsoron lalata kayan mutane, domin wanda ke riƙe lissafin dilolin atamfa a ka ba za a ce kansa ba ya ja ba. Saboda haka ba ma haɗa su aji ɗaya da matasa, tunda magidanci ba zai yarda ya yi kuskure a gaban sa'an ɗansa ba. Mata kuma ajinsu daban, malamarsu mace. Darasin farko shi ne mu sa mutum ya goge rubutunsa da gangan, sannan ya danna Ctrl da Z ya ga ya dawo. Daga ranar hannunsa yake sakewa.

Linzamin kwamfuta, wato “mouse”, ne ya fi ba su wahala. Dattijo yakan danne shi da ƙarfi, sai ya gusa tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, fayil ɗin ya ja gefe maimakon ya buɗe. Mukan koya musu su danna sau ɗaya, su bi da Enter. Na kuma kafa wa yaran da ke koyarwa doka cewa kada wanda ya karɓi linzami daga hannun ɗalibi, sai dai ya tsaya a gefe ya ce, “Baba, a ƙara gwadawa.” Da yawansu ido ne ya yi rauni amma ba za su faɗa ba, shi ya sa muke ƙara girman rubutu tun kafin su zauna. Umarnin na'urar da Turanci yake, muna fassara shi da Hausa, wasu ma da ajami suke rubuta matakan a littafinsu.

Kowa da aikinsa muke koya masa: ɗan kasuwa ya kawo littafin bashinsa mu zuba a manhajar lissafi ta Excel, malami ya kawo sakamakon ɗalibansa. Abin da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa shi ne darasin damfara, wato kada a ba kowa lambar sirri ko lambar da banki ya turo, ko da mai kiran ya ce daga bankin yake.

Ribar wannan aji ba ta kai ta matasa ba, domin manya sun fi daɗewa a kan kujera, ga man janareto da ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, abin da ya tilasta mana sa sola. Sai dai suna biya a kan lokaci, suna kuma kawo abokansu. Matsalar da ta rage ita ce yawancinsu ba su da kwamfuta a gida, abin da aka koya yakan zube kafin mako ya zagayo, don haka muka ware safiyar Asabar domin bita kyauta.