Lacca ta yi arha, gyara ne da tsada

Aiki ne ya kai ni. Ana yawan miƙo mini jadawali cike da lambobi in fitar da rahoto, kuma ina so in san dalilin kowane lissafi da nake yi, ba bin hannu kawai ba. Komawa jami'a ba ta taso ba, ga aiki ga ɗawainiyar iyali. Sai na yi rajistar wani kwas na ƙididdiga a ɗaya daga cikin manyan dandalan nan na intanet da ke buɗe wa kowa ƙofa, irin kwasa-kwasan da ake kira MOOC. Ba a tambaye ni takardar komai ba. Na sa suna da adireshin imel, nan take na zama ɗalibin farfesan da ko a mafarki ban yi tsammanin zan zauna a ajinsa ba.

Ban shiga da sanyin jiki ba, domin na san labarin da ya girgiza duniyar ilimi a 2011, lokacin da Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira a intanet, mutum kusan 160,000 suka yi rajista daga ƙasashe sama da 190. A shekarar da ta biyo baya Andrew Ng da Daphne Koller suka kafa dandalin Coursera, jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suka zuba dala miliyan 60 suka kafa dandalin edX, jaridar New York Times ma ta kira 2012 shekarar MOOC. Na kuma karanta labarin Battushig Myanganbayar, yaro ɗan shekara 15 daga Mongoliya, wanda ya cinye makin kwas ɗin lantarki na MIT ta intanet, daga baya jami'ar ta ba shi gurbin karatu. Wa zai ji wannan bai ji ƙarfin gwiwa ba?

Makonnin farko sun yi daɗi ƙwarai. Bidiyon gajeru ne, malamin yana rubutu a allo kamar kai kaɗai yake wa bayani. Yana cikin magana sai hoton ya tsaya cak, tambaya ta fito, ba za ka wuce ba sai ka amsa. Idan abu ya shige mini duhu sai in mayar da shi baya, in sake, in ƙara sakewa, ba wanda zai harare ni don na ɓata wa aji lokaci. Wannan kaɗai alheri ne babba. Duk wanda ya taɓa zama a bayan ɗakin lacca mai ɗaruruwan ɗalibai, yana jin kunyar ɗaga hannu, ya san darajar malamin da za ka iya tsayar da shi ba tare da ya gaji da kai ba.

Wuyar ta fara ne da aikin gida. Wani dare aka ba mu lambobi mu auna yadda suke warwatse daga matsakaicinsu. Na yi lissafina a takarda, na shigar da amsa, akwatin ya yi ja. Na sake bi layi-layi, amsar dai ita ce, akwatin ya sake yin ja. Na'urar da ke duba aikin ba ta san abin da ke kaina ba, abin da ta sani kawai lambata ba ta yi daidai da tata ba. A zauren tattaunawar kwas ɗin na tarar da wata ɗaliba, wadda ban san ƙasarta ba ballantana fuskarta, ta riga ta yi wa wani bayani dalla-dalla: idan samfuri ka ɗiba daga cikin jama'a, ba da adadin samfurin za ka raba ba, sai ka rage ɗaya tukuna. Dalili kuwa, matsakaicin da kake auna tazara daga gare shi daga cikin samfurin ka ciro shi, don haka lambobin sun fi kusa da shi fiye da yadda suke kusa da matsakaicin gaskiya, lissafinka zai riƙa fitowa ƙasa da yadda ya kamata. Layi huɗu ta rubuta, kuma har yau ban manta ba. Malamin ya faɗi haka a bidiyo, na ji da kunnena, amma bai zauna mini ba sai da wani mutum ya dubi irin kuskuren da ake yi ya ce ga inda ƙafa ke zamewa.

Tun daga daren nan na fara fahimtar abin da ake biya a jami'a. Laccar ita ce ɓangare mafi sauƙin yaɗawa. A naɗa sau ɗaya, miliyoyi su kalla. Abin da ba ya yaɗuwa haka shi ne idon da zai duba aikinka, ya gane yadda ka yi tunani, ya gyara maka. Kwas ɗinmu ya yi ƙoƙarin cike gurbin ta hanyar sa ɗalibai su duba aikin juna. Wani lokaci a dace, wanda ya duba naka ya yi maka sharhi mai ma'ana. Wani lokaci kuwa ka kwana kana rubuta rahoto, a dawo maka da cikakken maki da kalma ɗaya, "madalla", ka san sarai ba a karanta ba. Cikakken makin nan ya fi jan akwati yi mini ciwo.

Da tafiya ta yi tafiya, zauren ya fara yin tsit. A makon farko saƙonnin gaisuwa ba sa ƙirguwa, kowa na faɗin inda yake da burinsa. Kafin a kai tsakiya sunaye kaɗan ne suka rage, har na haddace su. Wannan ba kwas ɗinmu kaɗai ba ne. A kwas ɗin lantarkin da yaron Mongoliya ya yi fice, mutum kusan 155,000 suka yi rajista, waɗanda suka ci ba su wuce 7,200 ba. Binciken da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ne suka kammala kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa gaba ɗaya ba, domin da yawa leƙe suka zo yi, wasu babi ɗaya suke nema, sun samu sun tafi. Kuma mutum dubu bakwai da suka ci kwas ɗaya ba ƙaramin aji ba ne. Abin da ya fi damuna wani ne daban: binciken Jami'ar Pennsylvania na 2013 ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu bin kwasa-kwasanta sun riga sun yi digiri. Ashe ruwan ya fi sauka a gonar da ta riga ta jiƙe. Ni ma ina cikinsu. Na iya tsara lokacina, na iya karatu ni kaɗai, kuma a makaranta mai bango da malamai na koyi hakan. Wanda aka ce don shi aka buɗe ƙofar, wato wanda bai taɓa samun wannan horon ba, shi ne ya fi saurin sulalewa, kuma ba wanda zai lura ya tafi. An gwada a 2013 a Jami'ar Jihar San José da ke Amurka, inda aka ba ɗalibai darussan lissafi ta intanet tare da Udacity, kamfanin kwasa-kwasan intanet da Thrun ya kafa, ciki har da masu rauni a fannin. Sakamakon ya yi ƙasa har aka dakatar da shirin.

Abin da ya riƙe ni har ƙarshe ba wani sirri ba ne. Na tsaya a kan kwas ɗaya, na rufe ido ga sauran masu ƙyalƙyali. Na ware sa'o'i tsayayyu a mako, na ɗauke su kamar lokacin aiki. Na riƙa kallon bidiyo da biro da littafi a hannu, domin kallo kawai yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali bai iya ba. Mafi muhimmanci, mu 'yan kaɗan daga cikin waɗanda suka rage muka haɗa ƙaramin rukuni, kowane ƙarshen mako kowa ya turo abin da ya yi. Akwai makon da gajiya ta ci ƙarfina, niyyata in bari sai wani lokaci, sai ga saƙo daga ɗayansu: "Ɗan'uwa, lafiya? Ba mu ga naka ba." A daren na zauna na yi. Wato da hannunmu muka sake gina ɗan guntun abin da jami'a ke bayarwa: mutanen da za su neme ka idan ba su gan ka ba.

Thrun ya taɓa hasashen cewa nan da shekara 50 cibiyoyi goma kacal za su rage suna bayar da ilimi mai zurfi a duniya. Ban ga alamar hakan ba. Kamfanonin da suka fara da kyauta sun koma sayar da satifiket da horar da ma'aikata. An sayar da edX ga kamfanin 2U a 2021 kan dala miliyan 800, a 2024 kuma 2U ɗin ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Inda abin ya yi ƙarko shi ne inda jami'a ta riƙe ragamar da kanta. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta buɗe digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014, a kan kusan dala 7,000, amma da tantance masu shiga, da mataimakan malamai masu duba aiki, da jarrabawa ta gaske. Indiya kuma ta kafa dandalin SWAYAM, inda makin da ɗalibi ya samu zai iya shiga lissafin digirinsa a jami'arsa.

Ta nan nake ganin gaba za ta bi, kuma ina fata ta bi. Malamin da ke maimaita lacca iri ɗaya shekara da shekaru ga ɗaliban da ba ya iya ganin fuskokinsu, a sauke masa wannan nauyin, ɗalibai su kalli bayani kafin su zo, lokacin aji ya tafi wajen warware matsala da gyaran kuskure. Tsorona shi ne masu riƙe da kuɗin jami'o'i su fahimci abin a baibai, su ga bidiyo ya yi arha su rage malamai, masu hali su ci gaba da samun mai duba aikinsu, marasa hali a bar su da allo da jan akwati. Duk jami'ar da ta ce za ta koma intanet, tambayar da zan fara yi mata ita ce ɗalibi nawa ke hannun kowane mai duba aiki, kuma wa zai kira wanda ya yi mako biyu bai leƙo ba.