Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zangon Hunturu a Ƙaramar Sakandare

Assalamu alaikum, masu karatu. A makon jiya mun tsaya ne a hutun Disamba. Yau za mu shiga zango na biyu, wanda ake komawa a watan Janairu, daidai lokacin da hunturu ya kankama a Kano da kewaye. Duk wanda ya riƙe alli a JSS 1 zuwa JSS 3 ya san wannan zangon daban yake.

Tun daga safiya matsalar ke somawa. A Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7 saura kaɗan, ga iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, gari ya yi hazo. Yaro ɗan shekara 12 yana idar da sallar asuba sai ya koma cikin bargo. Da ya tashi kuma sai layin ruwan zafi, tukunya ɗaya, yara biyar. Kafin ya iso makaranta an gama asambili, an ci rabin darasin farko, wanda a jadawali da yawa lissafi ne ko Turanci.

Bulala a bakin ƙofa ba ta maganin wannan latti. Abin da ke maganinsa tun dare ake yi. Bayan isha'i yaro ya duba jadawalin gobe, ya zuba littattafansa a jaka, ya rataye yunifom da rigar sanyi da safa wuri guda, a cika tukunya a ajiye kusa da murhu. Aikin bai wuce minti 10 ba. Sai dai ba ya zama jiki sai an yi makonni ana tsayawa a kansa, kuma iyaye mata su ne ginshiƙi, shi ya sa a taron iyaye da malamai na farkon zango da su ya kamata a yi maganar kai tsaye. A tuna musu da man kaɗanya ko basilin a leɓe da diddige bayan wanka, don yaron da faso ya tsaga wa ƙafa hankalinsa ba ya kan allo. A ba shi koko ko kunu mai zafi kafin ya fita, da gorar ruwa a jaka, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali iskar busar da maƙogwaro take yi. Kaskon garwashi kuwa kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa tana kisa.

A cikin aji, monita ya sa a yayyafa ruwa kafin shara. In aka yi sharar a bushe, ƙurar tashi take yi ta sauka kan benci, masu asma su wuni suna tari. A rufe tagogin da ke fuskantar iska, a bar na ɗaya gefen a buɗe, masu asma kuma a ɗaga su daga bencin gaba inda garin alli ke zuba.

Inda na fi damuwa shi ne tsarin mako. Mura takan kwantar da yaro kwana biyu ko uku. Malamin da ya kawo sabon maudu'i ranar Litinin da sassafe, bai sake waiwayarsa ba, ya bar waɗanda suka makara da marasa lafiya a baya, kuma a lissafi duk matakin da aka tsallake sai ya dawo ya kama yaro a gaba, har zuwa jarrabawar BECE ta ƙarshen JSS 3. Ga yadda ya fi: a darasi mai minti 40, minti 10 na farko bita ce ta makon jiya, tambayoyi uku a allo, mai latti ya shigo bai rasa sabon abu ba. Sabon maudu'i ya zo Talata, Laraba a yi atisaye biyu-biyu, wanda ya gane kusa da wanda bai zo ba. Alhamis gwaji, tambayoyi biyar kacal, a musanya littattafai a yi maki nan take. In aka kwashe littafi 60 zuwa ofis, sai sun yi mako ba su dawo ba, yaro ya riga ya manta abin da ya kuskure. Juma'a ana tashi da wuri, gyaran kurakurai ya ishe ta.

Aikin gida kuma a taƙaita shi. Yawancin yaran nan daga boko Islamiyya suke wucewa, ba sa samun kansu sai magariba, ga wuta ba tabbas. Tambaya huɗu da yaro zai yi da hannunsa ta fi ashirin da zai kwafa da safe a bayan aji.

Daga Fabrairu, in sanyi ya fara ja da baya, sai a sa ido kan sanƙarau. Yaron da ya zo da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti za a kai shi nan take, kada a jira a tashi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake tafiyar da aji idan zafin Maris ya shigo.