Jakar ruwa a cikin saifa da yadda take bayyana a hoto

A karkarar Jigawa, idan aka ce yaro yana da saifa, ba gaɓar da kowa yake da ita ake nufi ba, ana nufin ta kumbura har hannu yana taɓa ta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Galibi mutanenmu suna da gaskiya idan suka ɗora laifin a kan zazzaɓin cizon sauro, domin shi ya fi kumbura saifar yara a wannan yanki, sai cutar sikila, sai kuma tsargiyar hanji a wuraren noman rani irin su kwarin Haɗeja da Kadawa. Amma shekarun da na yi ina ɗaukar hoton ciki a asibitin ƙaramar hukumarmu sun koya mini cewa akwai kumburin da bai shafi ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma hannu kaɗai ba ya iya bambance shi.

A bazarar bara wani dattijo ya kawo 'yar ƙanwarsa mai shekara 14, wadda ta daɗe tana jin nauyi a gefen hagu, kuma da ta ci abinci kaɗan sai ta ƙoshi. Da aka yaye mata riga sai ga tabon tsaga a jere. Ya ce, "Likita, an yi tsaga sau biyu, an sha sassaƙe, yanzu wanzami ya ce sai an yi sakiya." Na ce, "Baba, a jingine maganar sakiya tukuna, mu ga abin da ke ciki."

Na'urar sikanin tana aika sauti cikin jiki ne, ta zana hoto da amon da ya dawo. Lafiyayyar saifa takan fito launin toka, sumul, kuma a jikin babba tsawonta ba ya cika wuce santimita 12. A cikin ta yarinyar nan kuwa akwai wani da'ira baƙi wuluk, mai siririn bango, faɗinsa ya kai santimita 9, kuma naman da ke bayansa ya fi na gefe haske. Waɗannan alamu su ne shaidar ruwa: ruwa ba ya mayar da sauti, shi ya sa yake fitowa baƙi, kuma ba ya rage masa ƙarfi, shi ya sa abin da ke bayansa yake ƙara haske. Saifar ba ta kumbura da kanta ba, jakar ruwa ce ta zauna a cikinta ta tura ta ƙasa, tana kuma danne tumbi.

Gano jakar shi ne sashe mai sauƙi, aikin yana wajen sanin irinta. Akwai wadda ake haihuwar mutum da ita, mai shimfiɗar fata ta ciki, wadda aka fi gani a yara da matasa. Ruwanta wani lokaci yakan nuna ɗigo-ɗigon fari masu yawo, bangonta kuma yana iya yin 'yan zare-zare. Akwai wadda take biyo bayan buguwa, kamar faɗuwa daga babur ko harbin jaki ko tunkuyin sa, inda jini yake taruwa a cikin saifa, ya narke a hankali, ya bar kogo mai ruwa. Irin wannan ita ce mafi yawa a cikin waɗanda ba tsutsa ta kawo su ba, kuma idan ta daɗe bangonta yakan ƙandare ya fito fari fat, da inuwa a bayansa. Saboda haka nakan tambayi mara lafiya ko ya taɓa buguwa, ko da shekara goma ce ta wuce, domin mutane sukan manta. Ƙurji mai ruɓa shi ma yana iya kama da jaka, musamman ga mai sikila ko wanda ya yi taifot, sai dai bangonsa ba ya yin santsi, cikinsa yana da dauɗa, kuma mai shi yana zuwa da zazzaɓi da ciwo mai tsanani.

Wadda ta fi sa ni taka-tsantsan ita ce ta tsutsar kare, wadda masana suke kira Echinococcus granulosus. Tsutsar kanta ba ta kai santimita 1 ba, tana rayuwa a hanjin kare, ƙwanta kuma yana fita a kashinsa. Tumaki da awaki da shanu da raƙuma suna haɗiye ƙwan a wurin kiwo, sai ya zama jakunkunan ruwa a huhunsu da hantarsu. Duk mahaucin da ya saba fiɗar raƙuma, irin waɗanda ake kawowa kasuwar Maigatari, ya san su. Abin takaicin shi ne yakan yanke wurin ya jefa wa kare, da haka tsutsar take komawa gidanta. Mutum ba ya kamuwa ta hanyar cin naman, yana kamuwa ne idan ƙwan ya shiga bakinsa ta hannu ko ruwa ko ganyen da kashin kare ya taɓa. Kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan jaka a hanta suke zama, huhu yana biye, saifa kuwa jefi-jefi ce. A hoto takan tona kanta da ƙananan jakunkuna a cikin babbar, kamar saƙar zuma, ko da bango mai ninki biyu, ko da fatar ciki da ta saɓule tana lilo a cikin ruwan. A kan waɗannan siffofi ne likita Gharbi na ƙasar Tunisiya ya kasa su a 1981, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da nata rabon. Matsalar ita ce tun tana sabuwa tana iya fitowa baƙa sumul, ba ta da maraba da ta haihuwa. Idan aka huda ta da ƙarfen sakiya, ruwanta yana iya malala cikin ciki, jiki ya yi mummunan bore nan take har a rasa rai, ko kuma 'ya'yan tsutsar su watsu su kafa sababbin jakunkuna. Ko a asibiti ba a taɓa ta sai an fara ba da maganin albendazole.

Na tambayi kawun ko suna da karnuka, ya ce akwai biyu masu bin garke. Wannan ya ishe ni in rubuta takardar tura su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin gwajin jini da hoton CT, wato hoton da yake nuna cikin jiki yanki-yanki. A hoton CT ana auna kaurin abu da ma'aunin Hounsfield, inda ruwa yake kan sifili. Jakar ruwa zalla tana tsayawa kusa da nan, kuma idan aka yi allurar rinin da ke haska jijiyoyin jini, naman saifa yana ɗaukar haske, ita kuwa tana nan a duhunta. Da haka ake raba ta da tsiro, wanda shi yana shan jini.

Jakar da ba ta kai santimita 5 ba, kuma ba ta damun mai ita, yawanci barinta ake yi ana sake hoto lokaci zuwa lokaci. Babba kuwa tana iya fashewa idan aka bugu, don haka ake yin tiyata, kuma likitoci yanzu sun fi son su cire sashe su bar ragowar saifar. A ganina wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da Turai, domin saifa ce take tace jini tana kama ƙwayoyin cutar sanƙarau da na ciwon huhu, kuma wanda aka cire wa ita gaba ɗaya zazzaɓin damina yakan yi masa tsanani fiye da mai saifa.

Bayan girbi kawun ya dawo da yarinyar da takardunta a cikin leda. Gwaji ya nuna ba tsutsa ba ce, jakar haihuwa ce, an cire ta tare da sashen sama na saifar. Na sake ɗora na'ura a gefenta, ragowar saifar ta fito launin toka, sumul, a ƙarƙashin tsofaffin tabon tsagar.