Rigunan ruwa 60 da gadar da har yau ba a gina ba

Daga 2019 zuwa 2023 ni ne mai riƙe wa wani ɗan majalisar dokokin jiha takardu. A rubuce, sunan aikina mataimaki kan harkokin majalisa. A aikace kuwa ni ne mai ɗaga waya, mai rubuta wasiƙa, mai zuwa gaisuwar mutuwa in Honarabul ya maƙale a babban birnin jiha. Kafin a idar da sallar asuba ƙofar gidansa ta cika: mai takardar magani, mai suna jibi, mai ɗan da aka koro saboda kuɗin jarrabawa. Da wuya ka ji wanda ya zo da maganar doka.

Mazaɓarmu kogi ne ya raba ta biyu. Ƙauyukan tsallake ba su da hanyar kasuwa ko asibiti sai ta kwale-kwale. Kowa ya san ana cika jiragen nan fiye da kima, ni ma na sha shiga, gwiwata na gugar buhun masara, akuya na numfashi a ƙeyata. Ba mu taɓa ɗaukar abin a matsayin aikinmu ba sai a 2021. A watan Mayu jirgi ya kife a kogin Neja kusa da Warrah ta jihar Kebbi da mutum fiye da 150 a ciki. Ranar 30 ga Nuwamba kuma aka yi na Bagwai a jihar Kano, a madatsar ruwa ta Watari, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Kwana uku da wannan sai ga dagacin tsallake da Sarkin Ruwa a zauren Honarabul. Dagacin bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaranmu ma haka suke tsallakawa kullum."

A daren na rubuta ƙudurin gaggawa. Na ji daɗin rubutun nan ƙwarai, har na kawo sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Honarabul ya miƙe a zaure ya karanta, wani ya mara masa baya, aka yi wa mamata addu'a, Kakaki ya nemi masu goyon baya, zaure ya amsa. Majalisa ta yi kira ga gwamnati da ta gina gada, ta kuma samar da rigunan ruwa kafin nan. Da yamma rediyo ta sa muryarsa. Waya ta yi ta ƙara, ana ta sambarka, har wani ya tambaye ni ranar da za a kawo siminti.

Wani tsohon ma'aikacin ofishin Akawun majalisa ne ya sauke ni ƙasa. Na je bin sawun wasiƙar da za a aika wa ɓangaren zartarwa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ƙuduri roƙo ne mai hatimi. Ka duba kasafi, gadar taka tana ciki?" Ba ta ciki. A lokacin an riga an gama kare kasafin 2022 a gaban kwamitoci, saura amincewa kawai. Mun yi ihu a zaure, alhali ɗakin da ake rabon kuɗi an rufe shi tun makonni biyu da suka wuce.

Sai muka ce to bari mu yi doka, a ƙayyade yawan fasinja, a hana tafiyar dare, a sa tara. Nan ma lauyan majalisa ya taka mana birki. Sufuri a kogin Neja da rassansa, da duk hanyar ruwan da majalisar tarayya ta ayyana a matsayin mai ratsa jihohi, yana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, wato NIWA, da aka kafa domin haka. Ko da mun samu kafar da za mu bi, wa zai tsaya a bakin ruwa ya tilasta? Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, ta tarayya. Ɗan majalisar jiha ba shi da ikon tura ko kurtu guda. Mutanen mazaɓa ba su san wannan ba, kuma gaskiya mu ma ba mu so su sani, domin a lokacin kamfe ba haka muka faɗa musu ba.

Da abin ya ƙi ta sama, Honarabul ya sa hannu a aljihu ya sayi rigunan ruwa 60. A nan na tafka kuskuren da har yau in na tuna kunya ke kama ni, don shawarata ce. Muka kafa rumfa, muka ɗauko maroƙi da masu ɗaukar hoto, aka buga hoton Honarabul a bayan kowace riga, aka yi ta kiran suna ana miƙawa. Jerin sunayen kuwa shugabannin jam'iyya na mazaɓu ne suka kawo shi. Rabin waɗanda suka karɓa ba sa tsallaka ruwa sai shekara-shekara.

Daminar 2022 ta zo da ambaliyar da kowa ya sani. Wata ranar kasuwa a watan Agusta na tsaya a bakin fito na ƙirga: riga 7 na gani, kuma babu ko ɗaya a jikin mutum. Ɗaya an shimfiɗa ta a kan kujerar babur, ɗaya wani ya yi matashi da ita a gindin bishiya. A gabana jirgi ya tashi, tsakanin ruwa da bakin katako bai kai faɗin tafin hannu ba, ga babura biyu a kwance, ga mata da goyo. Da ya kai tsakiya injin ya mutu. Yaron jirgin ya yi ta kwarfe ruwa da wata tsohuwar roba, mata na salati, mu a gaɓa ba abin da muka iya sai kallo. Allah Ya kiyaye, masunta biyu suka kai musu ɗauki suka rage kaya.

Da la'asar na samu Sarkin Ruwa yana gyaran koma. Na fara faɗa kan ganganci, ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Malam, ka gama? Ranar da kuka yi bikinku wa ya tambaye ni? Rigar ruwa ba ta mutum ba ce, ta jirgi ce." Ya lissafa mini abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba. Mai jirgi yana cika kaya ne don man sawu ɗaya ba ya fita in bai cika ba. Mata ba sa sa rigar don an bar ta a jiƙe tana wari, kuma ba mai yarda wani namiji ya ɗaura mata igiya a ƙirji a bainar jama'a. 'Yan wata jam'iyyar kuwa sun rantse ba za su rataya hoton Honarabul a bayansu ba, ko da za su nitse.

Zama uku muka yi a ƙofar gidan hakimi, da 'yan fito, da shugabannin kasuwa, da liman, da shugabar ƙungiyar matan da ke kai nono da ƙuli-ƙuli kasuwa. An yi musu sosai, musamman a kan kuɗin fito. Abin da aka tsayar bai cika shafi ɗaya ba. Riguna su zauna a rumfa a bakin ruwa a hannun Sarkin Ruwa, a ƙirga su safe da yamma. Yawan riga, yawan fasinja. A ja layi da jan fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa shi a sauke kaya. Babura da buhuna sawunsu daban. Ba fito bayan kiran magariba sai mai naƙuda ko mara lafiya. Aka ƙara ɗan abu a kuɗin fito don mai jirgi ya fita, ɗalibai kuma aka bar su a tsohon farashi. Mata biyu suka karɓi aikin taya 'yan'uwansu ɗaurawa. Wanda ya karya, Sarkin Ruwa ya ɗaure jirginsa ranar kasuwa guda, kuma wannan ya fi kowace tara zafi. Muka bi gida-gida muka karɓo riguna 22, Honarabul ya ƙaro wasu, wannan karon ba hoto. Ya ɗan yi gunaguni, don zaɓe ya matso, amma ya yarda.

Maganar gada ban sake yarda lokaci ya wuce mu ba. Tun watan Satumba na fara zarya, kafin ma'aikatu su miƙa ƙiyasinsu. Na kai hotuna, na kai wasiƙar hakimi, na samu wani injiniya ya zo ya auna faɗin kogin. Ranar kare kasafi Honarabul ya zauna a kwamitin ayyuka tun safe, ya ƙi tashi har sai da aka karanta layin. Gadar ta shiga kasafin 2023. Na ɗauki hoton shafin na tura wa dagaci, ya sa aka karanta a masallaci. Sai daga baya na gane shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban: akwai takardar neman amincewa, akwai sa hannun gwamna, akwai bayar da kwangila, kowanne da layinsa da masu tsaron ƙofarsa. Ana cikin haka aka yi zaɓe a watan Maris, muka faɗi, a watan Yuni na kwashe takarduna a kwali biyu.

Bara na je ɗaurin aure a tsallake. Jan layin ya koɗe a wasu jiragen, an sabunta shi a wasu. Wani yaro da bai san ni ba ya tare ni a bakin rumfa ya ce, "Baba, sai ka sa riga." Na sa. Sarkin Ruwa ya tsufa, ɗansa ne ke ƙirga yanzu, amma yana nan zaune a tabarmarsa yana kallon ruwa. Ban tayar da zancen gada ba, shi ma bai tayar ba. Da zan shiga jirgi ya kira ni, ya ɗago wata riga ya nuna mini inda igiyar ta tsinke aka ɗaure da tsumma. Ya ce guda 13 ne suka zama haka, in ina da hanyar ganin sabon Honarabul in faɗa masa kafin ruwa ya kawo.