Sa hannun da na yi a ƙarƙashin gada

Gobe zan miƙa hular kwano da makullin kwantena, bayan shekara huɗu a wannan kamfani. Ga masu zuwa bayana, ga abin da ya fi tsaya mini a rai.

Tun muna poli nake yawo da hoton gadar Maurzyce a waya. Ƙaramar gada ce a ƙasar Polan, mita 27 kacal, Farfesa Stefan Bryła ya zana ta, aka buɗe ta a 1929. Ita ce gadar mota ta farko a duniya da aka haɗa da walda zalla. Kafin ita, huda ƙarfe ake yi a cusa ƙusa mai jan zafi a daka kanta. Shi ya yar da ƙusoshin, nauyi ya ragu, kuɗi ya ragu, kuma motoci suka yi ta bi ta kanta har 1977. Ni dai a lokacin gani nake walda ba ta da wani sirri.

Sai ga damina ta biyu, muna wata gada a bayan Daura. Babu man janareto, tandun da ake gasa sandunan walda ya kwana uku a kashe, kwalin kuma a buɗe. Dattijon da ke mana walda ya ɗauki sanda ɗaya, ya murza da yatsa, ya ce, "Injiniya, waɗannan sun sha danshi." Na kira Oga. Ya ce shi ba ya son dogon turanci, a yi aiki, in sa hannu. Na ce, "Baba, a ci gaba kawai." Ya dube ni, ya ja gilashinsa ya rufe fuska.

Tsagewar da danshi ke jawowa ba ta fitowa nan take. Danshin yakan bar iskar haidirojin a cikin ɗinkin waldar, sai ƙarfe ya huce, kwana ɗaya ko biyu, sannan ta buɗe. Ranar da masu dubawa suka fesa jan ruwan gwaji suka bi da farin, layi ya fito siriri kamar gashin kai, a wuri biyar. A taro Oga tambaya ɗaya ya yi: "Wa ya sa hannu?" Aka yanke mini rabin albashi. Har yau bai taɓa ambaton wayar da muka yi ba, ni ma ban tayar ba, amma ban manta ba.

Sauran darussan ba su da yawa. Umarnin baki, ka nemi a turo maka a rubuce. Kada ka auna dogon ƙarfe da azahar a watan Afrilu ka ɗauka haka zai kwana.

Ɗinkin nan biyar, ni da Baba muka kankare su muka sake, da sandunan da na gasa da man da na saya da kuɗina. Makon jiya na bi ta kan gadar, tirelar siminti na gabana.